Da ruwan ciki ake jan na rijiya: me ya sa rigakafin kaji ke kamawa, me ya sa yake ƙin kamawa

Akwai ƙorafin da duk wanda ya daɗe cikin masu kiwon kaji ya sha ji: “Babu rigakafin da ban yi musu ba, amma ga su nan suna ta zubewa.” Nan da nan zargi kan faɗa kan kwalba, a ce ta lalace a hanya ko kuma jabu ce. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke cikin kwalbar rigakafi ƙwayar cutar ce da kanta, an raunana ta ko an kashe ta, kuma iyakar aikinta ta nuna wa jikin kaza kamannin maƙiyi kafin ya iso. Jikin ne zai ƙera makaman yaƙin, waɗanda masana ke kira antibodi. Su kuwa waɗannan makamai furotin ne, daga abin da kazar ta ci ake gina su. Kazar da ke cin abinci maras ƙarfi ko gurɓatacce za ta iya karɓar rigakafi mai kyau a ranar da ta dace, amma abin da jikinta zai ƙera ba zai tare komai ba. Shi ya sa ban yarda da raba maganar gida biyu ba, a ce ga babin abinci, ga babin rigakafi.

Tun asali ma a jikin kaji aka gano dabarar raunana ƙwayar cuta a ɗakin gwaji don yin rigakafi. A shekarar 1879, a ɗakin gwaje-gwajen Louis Pasteur a Faransa, ƙwayar bakteriya mai haddasa kwalarar kaji ta daɗe a ajiye har ta yi rauni. Da aka yi wa kaji allurarta sai suka ɗan yi laushi suka warware. Daga baya aka ba su sabuwa mai ƙarfi, suka tsallake, alhali kajin da ba su taɓa haɗuwa da mai raunin ba sun mutu. Abin lura a labarin shi ne tazarar da ke tsakanin allura ta farko da ta biyu. Jiki na buƙatar lokaci. Rigakafi mai rai kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin kariya ta kankama, matacce kuma, wanda ake dama shi da mai a yi allurarsa, kan ɗauki mako biyu zuwa uku ko fiye. Wanda ya jira sai kajin maƙwabcinsa sun fara mutuwa sannan ya ruga neman rigakafi, ihu yake bayan hari.

'Yar jakar da komai ya rataya a kanta

A cikin jikin ɗan tsako, daidai saman dubura, akwai wata 'yar jaka da ba ta fi kan ɗan yatsa ba. Ana kiranta bursa. An daɗe da sanin tana nan ba tare da an san amfaninta ba, sai a 1956 wani mai bincike a Amurka, Bruce Glick, ya nuna cewa 'yan tsakin da aka cire musu ita ba sa iya ƙera antibodi yadda ya kamata. A nan ne ƙwayoyin jinin da ke wannan aiki suke samun horo. Tana girma a makonnin farko, idan kaza ta balaga kuma sai ta shanye, ta gama aikinta.

Cutar Gumboro wannan jakar take nufa kai tsaye. Sunan na wani ƙaramin gari ne a jihar Delaware ta Amurka, inda aka fara ganin cutar, aka kuma bayyana ta a rubuce a 1962. Idan ta kama 'yan tsaki tsakanin mako 3 zuwa 6, tana fitowa fili: gashi a tashe, zawo fari mai ruwa, su takure wuri ɗaya, mace-mace su hau cikin kwanaki kaɗan su sauka cikin kamar mako guda. Wannan da sauƙi, domin mai kiwo ya gani. Mai haɗarin ita ce wadda ta shiga kafin mako 3. Babu zawo, babu mutuwa, sai dai jakar ta lalace a ɓoye. Daga nan duk rigakafin da aka bayar kamar zuba ruwa ne a kwando. Bayan wata guda wata cuta daban ta shigo ta kwashe kajin, mai su kuma ya rantse da gaskiyarsa cewa ya yi rigakafinta. Ƙwayar Gumboro tana da taurin kai, takan yi watanni a ɗakin da ba a wanke shi da kyau ba, ta jira rukunin 'yan tsaki na gaba.

To me zai hana a ba da rigakafinta tun ranar farko a huta? A nan ne lamarin ya ɗan murɗe. Ɗan tsako kan fito da kariyar da ya gada daga uwarsa ta cikin gwaiduwar ƙwai. Wannan gādo yana raguwa kullum: a kajin nama yakan ragu da rabi duk bayan kwana 3 da ɗan wani abu, a kajin ƙwai kuma ya fi jinkiri. Muddin yana da yawa, shi ne zai kashe ƙwayar rigakafi mai rai kafin ta yi aikinta, domin ba ya bambanta ta da ta cuta. Idan an yi gaggawa an yi asarar rigakafi, idan an yi jinkiri an bar ƙofa a buɗe. Ranar da ta dace ta danganta da irin rigakafin da aka yi wa iyayen da kuma ƙarfin wanda za a bayar. Shi ya sa za ka ga jadawali ya bambanta, wani ya ce kwana 10, wani 14, wani ya kai 21, da yawa kuma su bayar sau biyu don su kama waɗanda suka kuɓuce a karon farko. Manyan gonaki kan ɗebi jinin wasu 'yan tsaki a auna, a lissafa ranar. Akwai kuma sababbin nau'o'i da ake yi tun a wurin ƙyanƙyasa, waɗanda aka ƙera su don su kauce wa wannan matsala. Ga ƙaramin mai kiwo, abin da ya fi muhimmanci shi ne ya tambayi inda ya sayo 'yan tsakin: me aka yi wa iyayensu, me aka riga aka yi musu su kansu, wane jadawali kuke ba da shawara? Jadawalin da aka kwafo daga wani wuri don wasu kaji, ba lallai ya dace da naka ba.

Ragowar gwaiduwar nan tana cikin cikin ɗan tsako a kwanakin farko, yana tsotsarta a hankali. Idan aka bar shi ba ci ba sha na tsawon lokaci, ko sanyi ya kama shi, sai jikin ya mayar da ita makamashi kawai don ya rayu, kuma hanjinsa ya makara wajen ginuwa. Ɗumin da yake buƙata a makon farko yana tsakanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas. Hanya mai sauƙi ta sanin ko sun fara da ƙafar dama ita ce a taɓa jakar abincin da ke gindin wuyansu bayan awa 24 da isowa. Ya kamata kusan dukkansu a ji ta cike kuma da laushi. Idan da tauri, sun ci ba su sha ba. Idan wayam, ba su gano abincin ba.

Abin da ke cikin buhu

Kazar nama ta zamani an yi ta zaɓen irinta tsara bayan tsara don saurin girma, har ɗan tsako mai giram 40 da 'yan kai yakan haura kilo 2 cikin mako 6. Jikin da ke gudu haka ba shi da rarar ajiya. Abincin farawa kan ƙunshi furotin kashi 21 zuwa 23 cikin ɗari, ya sauka zuwa 18 ko 19 a na ƙarshe, kajin ƙwai kuma kashi 16 zuwa 18. Amma adadin da ke jikin buhu ba shi ne duka labarin ba. Furotin haɗin ƙananan sinadarai ne, kuma a abincin da aka gina kan masara da waken suya, wanda ke fara ƙarewa shi ne metiyonin, sai laisin ya biyo. Kamar masaƙi ne da ke da zare launi-launi, idan launi ɗaya ya ƙare saƙa ta tsaya, komai yawan sauran. Waken suya kuma dole a gasa shi ko a dafa, domin ɗanyensa na ɗauke da sinadarin da ke hana narkar da furotin.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma wanda ya fi kama da dabara, shi ne a sayi cikakken abinci a tsawaita shi da masara ko dusa. Buhu ɗaya ya zama biyu a ido, amma bitamin da ma'adinai da furotin duk an raba su, har da maganin kariyar hanji idan akwai shi a ciki. Kajin za su ƙoshi. Ba za a ga illar ba sai ranar da cuta ta zo.

Bitamin A shi ne ke riƙe lafiyar shimfiɗar ciki ta hanci da maƙogwaro da hanji, wato katangar farko da ƙwayar cuta za ta tsallaka. Idan ya yi ƙaranci shimfiɗar ta bushe ta tsattsage, kuma an san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙarancin bitamin E kan sa 'yan tsaki tangaɗi da karkatar da kai da faɗuwa. Ƙarancin bitamin B2 kan nannaɗe yatsun ƙafa zuwa ciki. Ƙarancin ma'adinin manganis kan sa jijiyar gwiwa ta zame, ƙafa ta juye waje. Ƙarancin bitamin D3 kan sa ƙashi da baki su yi laushi kamar roba. Na jero su ne don a ga abu ɗaya: yawancinsu suna kama da cutar da ake ɗauka, musamman masu taɓa ƙafa da wuya. Mai kiwo ya ga ɗan tsako ya shanye, sai ya zuba antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, a ruwa kwana biyar, alhali matsalar tana cikin buhu. Ba mamaki da kaji ke saurin nuna waɗannan alamu, domin a jikinsu ɗan Adam ya gano wasu daga cikin bitamin ɗin. A tsibirin Jaba na Indonesiya, cikin shekarun 1890, Christiaan Eijkman ya lura cewa kajin da ake ba gogaggiyar farar shinkafa suna shanyewa, suna kuma warkewa idan aka ba su wadda ba a goge ba, binciken da ya kai ga gano bitamin B1. A 1929 kuma Henrik Dam na ƙasar Denmak ya ga 'yan tsakinsa na gwaji suna zubar da jini ba tsayawa, daga nan aka gano bitamin K.

Bitamin ba ya daɗewa. Zafi da laima da tsawon ajiya suna cinye shi, mai kuma idan ya yi hamami yana lalata bitamin E. Buhun da ya yi watanni a ɗaki mai zafi ba shi ne wanda aka rubuta bayaninsa a jiki ba.

Kalsiyam kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Ɓawon ƙwai guda yana ɗauke da kimanin giram 2, kaza mai ƙwai kuma na buƙatar kimanin giram 4 a rana, shi ya sa abincinta ke da kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin ɗari. Idan ba ta samu ba, daga ƙashinta za ta ciro, har ta kasa tsayuwa. Ɗan tsako kuwa kashi 1 ya ishe shi. Wanda ya ba 'yan tsaki abincin masu ƙwai don shi ne a hannu, ƙodarsu yake lalatawa.

Ra'ayina game da garin bitamin da ake zubawa a ruwa shi ne an ba shi matsayin da ya fi ƙarfinsa. Yana taimakawa a ranakun wahala, bayan doguwar tafiya, ko lokacin tsananin zafi da kaji suka rage ci, ko bayan rigakafi. Ba ya gyara mummunan abinci, kuma ninka shi ba ya ninka garkuwa. Idan ma ba a wanke mazubin ruwa bayansa ba, santsin da yake bari ya zama gonar bakteriya.

Gubar da ba ta kashewa nan take

A shekarar 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila ba a san dalili ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar duk sun ci abincin da aka haɗa da garin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da shi daga Brazil. A ciki aka gano gubar da wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa, daga sunanta aka raɗa wa gubar suna afulatoksin. Wannan fumfuna tana son gyaɗa da masara da irin auduga, tana son ɗumi da laima.

'Ya'yan agwagwa da talotalo sun fi saurin mutuwa da ita. Kaza ta fi su juriya, kuma a nan tarkon yake. Ba ta faɗi ta mutu a gane ba. Hantarta ce ke lalacewa a hankali, girma ya ja baya, ƙwai ya ragu, jakar bursa ta ƙanƙance, rigakafi ya daina kamawa sosai. Ga ƙorafin da muka fara da shi ya sake dawowa ta wata ƙofar. Ƙasashe da dama sun sa iyakarta a kashi 20 cikin biliyan, adadin da ido ba zai taɓa gani ba. Hatsin da ya yi kyau a ido zai iya ɗauke da ita. Wanda ya riga ya yi fumfuna kuwa, shanya shi a rana ko kakkaɓe shi ko dafa shi ba ya cire gubar, domin tana jure zafi. Maganin yana wajen ajiya: hatsi ya bushe har laimarsa ta sauka ƙasa da kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari, buhuna su hau katako, kada su jingina da bango, na farkon shigowa ya zama na farkon fita, mazubin abinci kuma kada a bar jiƙaƙƙen gari ya dunƙule a kusurwarsa. Akwai sinadaran da ake haɗawa a abinci su kama gubar a hanji, suna da amfani, amma ba izini ba ne na ciyar da ruɓaɓɓen hatsi.

Ruwa ma abinci ne, ko da yake ba a cika lissafa shi ba. Kaza na shan kusan ninki biyu na nauyin abin da ta ci, fiye da haka idan ana zafi. Zafin jikinta yana kusan digiri 41, ba ta gumi, da haki take sanyaya kanta. Idan ruwa ya yanke sai ci ya tsaya. Raguwar shan ruwa kuma sau da yawa ita ce alamar farko ta cuta, tun kafin a ga kaza ta takure.

Daga firiji zuwa bakin kaza

Yanzu sai mu koma kan kwalbar, domin ita ma tana da nata rabon laifin. Rigakafi mai rai abu ne mai rai, ana iya kashe shi. Mazauninsa tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga kamfani har zuwa ƙofar ɗakin kaji, cikin ƙanƙara kuma nesa da hasken rana. Wanda aka dama da mai kuma ba a bari ya daskare, domin haɗin kan rabu ya lalace. Da zarar an narkar da mai rai a ruwa agogo ya fara bugawa, cikin awa ɗaya zuwa biyu ya kamata ya shige cikin kaji. Abin da ya rage ba a ajiye shi don gobe.

Ruwan da aka sa wa kulorin yana kashe shi, haka ma ragowar sabulu ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a jikin mazubi, haka mazubin ƙarfe mai tsatsa. Shi ya sa ake amfani da ruwa mai tsabta maras kulorin, a zuba madarar gari wadda aka cire wa maiƙo, kimanin giram 2 a kowace lita, ta kare ƙwayar. Ana janye ruwa awa ɗaya zuwa biyu kafin nan don su ji ƙishi, a kuma ƙara yawan mazubai. In ba haka ba ƙarfafa za su shanye, raunana su tarar da wayam, kuma su raunanan ne cuta za ta fara kamawa. Kwalba mai ɗaukar kaji 1,000 ba a miƙa ta ga 1,500. Kajin da ba su da lafiya ba a yi musu rigakafi sai da shawarar likitan dabbobi. Shi ma mai aikin ya kula da kansa: rigakafi mai rai na cutar Niyukasil kan sa jan ido idan ya fantsama, kuma wanda ya soki yatsansa da allurar rigakafi mai mai ya nufi asibiti nan take, ko da bai ji zafi ba tukuna.

Cutar Niyukasil ita ce babbar dodon. An fara gane ta a 1926, a Jaba ta Indonesiya da kuma kusa da birnin Niyukasil na Ingila, inda ta samo suna. Nau'inta mai zafi na iya shafe garke duka idan ba a yi masa rigakafi ba: koren zawo, numfashi da ƙyar, ƙwai ya tsaya, waɗanda suka tsira wuyansu ya murɗe. Bairos ce, babu maganin da ke kashe ta. Ana fara rigakafinta da nau'i mai sanyi kamar wanda ake kira B1 (ba bitamin B1 ba), a biyo da LaSota wanda ya fi shi ƙarfi, kajin ƙwai kuma a ƙara musu allurar matacce gab da fara ƙwai, wajen mako 16 zuwa 18. Kariyar mai rai ba ta dawwama, dole a riƙa maimaitawa. Ga kajin da ke yawo a sake, inda firiji ke da wuya, masu bincike a Ostareliya sun samar da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido duk bayan wata 4. Jure zafi dai ba yana nufin a bar shi a rana ba. Ɗigon ido ya fi na ruwan sha tabbas, domin kowace kaza ta samu rabonta, kuma a bayan idonta akwai wani ƙullutu da ke cikin masu aikin garkuwa. Wahalarsa kawai kamun kaza ɗaya bayan ɗaya.

Cutar Marek, wadda wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari, József Marek, ya bayyana a 1907, tana shanye ƙafa tana kuma haifar da ƙari a gaɓoɓin ciki. Ƙwayarta na yawo cikin ƙurar gashin kaji. Rigakafinta ba aikin mai kiwo ba ne, a wurin ƙyanƙyasa ake yi, ranar farko ko ma a cikin ƙwai a kwana na 18. Nasa aikin shi ne ya tambaya ko an yi, sannan ya nisanta 'yan tsakin da ƙurar manyan kaji a mako biyun farko. Cutar ƙuraje mai fitowa a zanko da fuska, wadda sauro ke yaɗawa, ana soka rigakafinta ne a fatar fiffike, kuma ita ce ke ba da damar dubawa da ido: bayan kwana 7 zuwa 10 a ga ɗan kumburi ko ɓawon ƙurji a wurin. Idan babu, bai kama ba.

Koksidiyosis ta fita daban. Wata ƙwaya ce mai suna Eimeria da ke cin bangon hanji, wani nau'inta shi ke kawo kashin jini. Ƙwayayenta na fita cikin kashi, kuma sai sun sami laima da ɗumi a shimfiɗar ƙasa na kwana ɗaya ko biyu kafin su iya kama wata kaza. Ke nan busasshiyar shimfiɗa rabin magani ce, mazubin ruwa mai yoyo kuma abokin cutar ne. Ana kare kaji daga gare ta ko dai da magani a cikin abinci ko da rigakafi mai rai, amma ba a haɗa biyun, domin maganin zai kashe rigakafin. Haka nan amfuroliyam, wanda ake yawan warkar da ita da shi, yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar samun bitamin B1. Wanda ya haɗa shi da garin bitamin a ruwa ɗaya yana iya rage masa kaifi da hannunsa. Hanjin da koksidiyosis ta yi wa rauni kuma ba ya tsotsar abinci, ga shi ya buɗe wa bakteriyar da ke ruɓar da hanji hanya.

Antibayotik ba ya taɓa bairos, ko Niyukasil ce ko Gumboro ko Marek. Ba da shi kullum “don rigakafi” yana horar da bakteriya ne su daina jin magani, a jikin kaji da na mutane. Tarayyar Turai ta haramta sa shi a abinci don ƙara girma tun farkon 2006. Idan likita ya rubuta shi, a cika kwanakin, a kuma kiyaye wa'adin da aka rubuta kafin a yanka kazar ko a ci ƙwanta.

Akwai kuma inda abinci da rigakafi duka ke gazawa. Murar tsuntsaye mai zafi, irin H5N1 da aka fara ganowa a kudancin Sin a 1996, ba ta duba ƙibar kaza. Rigakafinta ba zaɓin mai kiwo ba ne, hukuncin gwamnati ne: Sin da Masar suna yi, Faransa ta fara yi wa agwaginta a watan Oktoban 2023, wasu ƙasashe kuma sun hana. Cuta ce da doka ta wajabta a sanar da hukuma idan an yi zarginta, tana kuma iya kama mutum. Kariyarta tana bakin ƙofa: raga da za ta hana tsuntsayen daji shiga, takalmi da tufafi na ɗakin kaji kaɗai, hana baƙi, ware sababbin kaji na tsawon mako 3 zuwa 4, da barin ɗaki wayam na kamar mako 2 bayan wanki kafin sabon rukuni. Hatta ga cututtukan da ke da rigakafi, kariya tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka. Ɗaki mai cunkoso, wanda warin kashi ke sa mai shiga hawaye, ya riga ya ƙone maƙogwaron kajin da ke kwana a ciki.

Idan duk da haka mace-mace suka fara, gawar farko ita ce shaida mafi daraja, kuma yawanci ita ake fara jefarwa. A sa ta a leda, a sanyaya ta ba tare da ta daskare ba, a kai wa likitan dabbobi a ranar, tare da kaza ɗaya ko biyu masu ciwo da ke da rai. A haɗa da ɗan abincin da suke ci, da takardar da aka rubuta ranakun rigakafi da lambar kowace kwalba, da adadin da ke mutuwa kowace rana. Idan ya buɗe, zai duba bursa ko ta kumbura ko ta shanye, ya duba hanta ko ta yi fari ta yi maiƙo, ya duba hanji ko akwai jini, ya lanƙwasa ƙashin ƙafa ya ga ko zai karye ko zai tanƙware. Idan mutuwar ta zo da yawa farat ɗaya, kaji na faɗuwa ba tare da doguwar jinya ba, kada a taɓa gawar da hannu tsirara, kada kuma a ɗauke ta zuwa ko'ina. A rufe ɗakin, a kira hukumar kula da lafiyar dabbobi su zo da kansu.